Shaidar da Dalhatu Ya Kawo Daga Gabas

A zamanin sarki na farko da Nasara suka naɗa a Zazzau, da kakar shekarar da jirgin ƙasa ya iso, Dalhatu ya komo gida. Shi ne mai riƙe wa Barde Sati garkuwa, kuma yana cikin waɗanda suka bi Barden zuwa gabas da ƙasa ta faɗa hannun Turawa. Daga wannan ayari babu wanda ya dawo sai shi.

Gidansu yana cikin gonakin da yau ake kira Samaru. Ya iske Goggo, ƙanwar mahaifinsa, ta makance, darni ya zube, rumbu ya zama na ɓeraye. Ta shafa fuskarsa ta yi kuka, ta sa aka dama masa fura. Tun a ranar ta gaya masa cewa Hafsatu, uwargidan Barde, ba ta yi takaba ba har yanzu. Alƙali ya ba ta izni tuntuni, ta ce ita sai ta ji daga bakin wanda ya ga gawar mijinta da idonsa. Da aka ba wani sarautar aka karɓe gidan Barde, daga baya ta koma Sabon Gari kusa da tasha, tana sayar wa leburori tuwo, tana tambayar duk baƙon da ya sauka.

Al'ada ce baran da ya dawo ba tare da ubangidansa ba ya fara isa gidan ubangidan kafin ya kwance kayansa. Dalhatu ya san da haka sarai, amma sai ya ce bari ya gyara darni tukuna. Da darni ya tsaya, ya yaɓe rumbu. Da rumbu ya bushe, ya shiga yankan dawa. Ba a taɓa ganin manomi mai himma irinsa a wannan karkara ba, kuma kunya ce take noman. A masallaci dattawa kan matsa masa gaba, su ce wanda ya ga yaƙin shahada bai kamata ya tsaya baya ba. Yakan sunkuyar da kai, su ɗauka tawali'u ne.

Abin da ya faru kuwa a can gabas, da bindigar Nasara ta fara zuba kamar ruwan ƙanƙara, ya yar da garkuwar ya gudu. Ya waiwaya sau ɗaya, ya hangi Barde a tsaye yana kiran sunansa.

Da aka gama sussuka, uzuri ya ƙare masa. Goggo ta ce in bai je ba ita za ta sa a ja mata sanda ta je. Ya ɗauki hanya. Yana tafe yana shirya magana: zai ce ya ga Barde ya faɗi, shi ya yi masa sutura. Da haka matar za ta huta, shi ma mutuncinsa ya tsira, babu kuma mai ƙaryata shi a duniya.

Ya same ta a rumfa, matar da a da ko muryarta bai isa ji ba sai ta bakin jakadiya, tana kwashe tuwo wa Yarbawa da Nufawa. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ta gane shi, ta ajiye mara.

"Dalhatu, magana ɗaya nake so. Ka ga gawarsa?"

Ya buɗe baki zai faɗi abin da ya shirya, harshensa ya ƙi.

"Ranki ya daɗe, ban gani ba. Gudu na yi. Na bar shi a tsaye yana kirana."

Ya jira zagi, da ma shi ya fi so. Sai ya ga fuskarta ta saki.

"A tsaye ka bar shi? To, alhamdu lillahi. Ashe yana da rai."

Ya so ya ce mata babu mahalukin da zai fita daga wannan wuta, amma bai gani ba, kuma bakinsa ya riga ya gama aikinsa. Ta zuba masa tuwo da hannunta, ta sa masa albarka don albishir. Ya ci yana hawaye.

Masu ba da labari sun ce Hafsatu ta rasu a wannan rumfa da tsufa, da aurenta, ba ta taɓa barin jirgi ya tsaya ba tare da ta leƙa ba. Dalhatu ya koma gonarsa, ya koma sahun baya a masallaci da kansa, bai sake yarda a matsa masa gaba ba.

Sarauta ta tafi, an naɗa wasu, an manta da Barde Sati a fada. Ni dai abin da ke ba ni tausayi shi ne, mutumin nan sau ɗaya ya yi jarunta a rayuwarsa, ranar da ya faɗi gaskiya, kuma ita ce ta ɗaure baiwar Allah a bakin tasha har ta mutu.