Ranar da Likita Zai Duba Inna

Tabarma, goran fura, katin asibiti, zanen canji na Inna. Sai Sufyanu, wanda ba wanda ya gayyata.

Kwalekwale ya kai tsakiyar ruwa kafin ya yi wa matarsa magana.

"Shi wannan Dakta Zaidu, yana da mata?"

"Ban tambaye shi ba," in ji Hamdiyya.

"Amma kin san dariyarsa!"

Wata huɗu ke nan duk Laraba tana zama gaban talabijin ɗin ƙaramin asibitin Wara da take aiki, likitan yana koya musu aiki daga birni, yana kuma duba marasa lafiya. Masunta suka kai wa Sufyanu labari wai matarsa na kulle ƙofa da namiji. Ya rantse in ta sake rufe ƙofar nan ba ya ciki, kada ta dawo gidansa.

Yau mahaifiyarta za a duba. Kumburi ne a ƙirji, shekara guda tana ɓoyewa.

A ɗakin, Sufyanu ya ja kujera ya zauna daidai gaban kyamara, ya harɗe hannu. Fuskar likita ta bayyana.

"Sannu Inna. Ina ke ciwo?"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa ɗakin baya.

"Inna, minti goma ya ba mu... don Allah," in ji Hamdiyya.

"Gaban suruki?" ta ce can ƙasa. "Ɗiyata, gara in mutu da shi."

Hamdiyya ta san ba wasa take ba. Matar da ba ta taɓa shan ruwa gaban Sufyanu ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba.

"Akwai wasu na jira," in ji likita. "Ko mu bari sai Laraba mai zuwa?"

Hamdiyya ta dubi mijinta. Idonsa ja. Tana sonsa, ko yanzu ma.

"Masoyina, tashi."

"Kin manta rantsuwata?"

"Ban manta ba."

"Hamdiyya... ki bar ƙofar a buɗe, ko kaɗan ne!"

"Uwata za ta tuɓe, Sufyanu."

Ta kama hannunsa, ta kai shi bakin ƙofa. Bai turje ba, bai kuma saki yatsunta ba, sai da ta zare su ɗaya bayan ɗaya.

Ta rufe ƙofar, ta sa sakata, ta yi magana ta jikin katako.

"Yau za a duba ta. In na fito na same ka, tare za mu koma. In ban same ka ba, gidan Inna zan sauka."