Ɗakin Duhu na Bintul Ƙunsul

A gonar furanni ta unguwar Madain Fahd, a ƙasar Larabawa, Mastura ta fara ganinsa. Ta karya reshen wata shuka ba da niyya ba, farin ruwa kamar madara ya ɓata mata yatsu.

"Kar ki kai hannun nan ido," in ji saurayin da ke aiki a wurin, yana miƙo mata gorar ruwa. "Bintul ƙunsul ce. Kyau gare ta, amma ruwanta zafi."

Sunansa Zaharadden, shekara uku da zuwa daga Katsina. Shi ya koya mata cewa shukar ba ta son ruwa da yawa, ba ta son iskar AC ta doke ta, kuma ganyenta ba ya yin ja sai an kulle ta cikin duhu awa goma sha huɗu kullum, wata biyu cur.

Ran da ta kawo zancen aurensa, mahaifinta Abdulgaffar bai ko bari ta gama magana ba. "Mai renon furen Kirsimeti? Khalas, an rufe maganar. Ga Mazen ɗan ƙanwata nan."

Inno, mahaifiyarta, ita kuwa sai ta ba su ɗakin saman gidansu na Nuzla, suka toshe tagogi da baƙin ƙyalle, suka jera tukwane arba'in na bintul ƙunsul don sayarwa lokacin Kirsimeti. Mastura ke rufewa da la'asar, shi kuma yana zuwa dubawa ran Juma'a.

"Bintul ƙunsul tawa, kin rufe 'ya'yanmu? Ko hasken waya kar ya shiga."

"Na rufe, habibi. Ɗaya ta fara ja a baki. Kunya take ji kamar mai ita."

Wata Juma'a ya makara, har an rufe. Ya shiga ya ja ƙofa a bayansa saboda haske, a kan idon Mazen.

Mastura na kicin ta ji ƙarar ƙarfe a kan katako. Ta haura da gudu, Inno na binta. Ƙofa a ɓalle, mahaifinta a tsaye, Mazen ya jawo Zaharadden waje da wuyan riga.

"Suna ciki tare, ya khali, na rantse," Mazen ke ce wa kawun nasa. Ya sauke wa Zaharadden bututun ƙarfe a kafaɗa, ya ƙara a dantse. Mastura ta ji ƙashin ya amsa. Zaharadden ya faɗi, jini na bin haɓarsa, Mazen ya taka shi a haƙarƙari.

"Ku rufe ƙofar," kawai Zaharadden ke cewa. "Don Allah ku rufe."

"Kun ji? Ita yake ɓoyewa."

Mazen ya afka ɗakin yana dukan duhu, tukwane na fashewa, rassa na karyewa.

"Baba, ga ni nan," in ji Mastura, wuƙar albasa na hannunta.

Abdulgaffar ya juyo. Ya dube ta, ya dubi ɗakin.

Sai ga Mazen ya fito yana ihu, hannu biyu a fuska. Ya share gumi da hannun da ya jiƙe da farin ruwan.

Zaharadden ya ja jiki zuwa famfo. Da hannu ɗaya ya kama ƙeyar Mazen ya tura ƙarƙashin ruwa.

"Buɗe idon. Kar ka murza. Buɗe, zai wuce."

Ya daɗe yana wanke masa, ɗaya hannun na lilo. Abdulgaffar ya ɗaga ƙofar da kansa ya jingina ta a mazauninta, ya cire ghutra, ƙyallen da ke kansa, ya toshe inda ta tsage.

"Haka ya isa?" ya tambaya, murya ƙasa.

"Ya isa, Baba."

"Yalla, mu tafi asibiti. Maganar auren ka bar mini."

Tukwane tara suka tsira, kuma ba su yi ja ba sai bayan bikin masu saye ya wuce. Babu wanda ya saya. Su ne Inno ta jera a bayan amarya ranar ɗaurin aure, jajur, ango a gefe da filasta har gwiwar hannu.

"Sun makara," Mastura ta raɗa masa.

"Mu suka jira, bintul ƙunsul."

Abdulgaffar ya ɗora hannu a kan lafiyayyar kafaɗar. "Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku zuri'a mai haƙuri irin naka."

Inno ta ce amin kafin kowa.