Ƙofar Da Ya Ƙi Buɗe Wa Gwaggo

Auta na tsugune a tsakar gida tana wanke kofuna, sai ga Gwaggo ta faɗo ko sallama babu, gyalenta na jan ƙasa, tana huci.

"Ina Yaya? Ina yake? Yau sai an zaɓa, ko ni ko wannan marar kunyar yaron!"

Baba ya fito daga ɗaki yana gyara tabarau. "Lafiya dai?"

"Ina fa lafiya! Yaron da kuka ba 'yarku ya tsayar da ni a bakin ƙofa kamar wadda ta je roƙo, a gaban ƙawayena!"

Kofin hannun Auta ya suɓuce cikin ruwa. Ta san wanda ake nufi. Saurayinta ne, wanda har an karɓi kayan sa ranarsu. A tsohon gidan siliman nan yake aiki, wanda ya daɗe a rufe jemagu na kwana a ciki, kafin aka gyara shi aka maido masa da jajayen kujerunsa da zanen rufinsa na da. Shi ke tsaron ƙofar zaure, shi ke haska wa mutane hanya zuwa kujerunsu, shi ya sa kowa ke ce masa Mai Tocila.

Masu gyaran sun bar tsohon majigin a inda yake tun asali, ƙasa-ƙasa daidai saman ƙofa. Duk wanda ya shigo ana cikin kallo, hasken waje zai wanke hoton, inuwar kansa kuma ta hau allo. Don haka dokar gidan ɗaya ce: fim ya fara, ƙofa ta rufu sai hutun tsakiya. Gwaggo kuwa ta gama cika wa ƙawayenta baki cewa surukinta ne mai wurin, sannan ta tsaya ɗaurin ɗankwali har suka makara.

"Na ce masa ni ce fa, Gwaggon Auta! Sai ya wani durƙusa, wai in yi haƙuri. Ya jawo mana kujeru a waje, ya kawo mana gugguru. Gugguru, Yaya! Ni zai rarrasa da gugguru kamar 'yar yaye? To sai da na samu manajansu na wanke shi tas kafin na fito!"

Baba mutum ne mai saurin hawa, ga shi ba ya son hawayen ƙanwarsa ko na ƙarya ne. Ya juyo ya nuna Auta da yatsa.

"Tun bai shigo dangi ba ya fara wulaƙanta mu? Ranar Asabar da kaina zan je in gaya masa ya turo a kwashi kayansu. Kuma da ke za mu, ki ji da kunnenki!"

Auta ta shige ɗaki ta kira shi a waya cikin takaici.

"Me ya kai ka? Gwaggo ce fa! Da ka buɗe mata, me zai ragu a jikinka?"

"Sori, Auta, ki saurare ni. Zauren cike yake. Su ma mutane ne, tikiti suka yanka, kuma sun zo a kan lokaci."

"Su za ka aura? Kwastomominka za su ba ka mata?"

"In na buɗe wa Gwaggo yau, gobe da wane ido zan hana gwaggon wani?"

"To ka riƙe ƙofarka, ka aure ta!"

Ta kashe wayar ta kifa kai a filo. Haushinsa take ji, haushin Gwaggo take ji, har da haushin kanta, domin can ƙasan ranta ta san wannan taurin kan nasa ne ya sa ta fara son shi. Ta yi kuka mai isarta. Amma ba ta mayar wa kowa magana a gidan ba, ko da Gwaggo ke wucewa tana yada mata habaici.

Ranar Asabar da la'asar suka isa. Baba ya doshi mai sayar da tikiti fuska a murtuke, ya ce a kira masa yaron.

"Yana bakin aiki, Baba, sai an fito hutun tsakiya," in ji mai tikitin. "Ko za ku shiga ku jira a ciki? Yanzu za a fara."

Baba ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya sauka a kan hoton da ke manne a bango. Wani tsohon fim ne da ya kalla a nan yana saurayi. Ya yi gyaran murya, ya ce ai tsayuwa a waje ma gajiya ce, a ba su tikiti biyu.

Wani baƙon ma'aikaci ne a ƙofa, yana ta latsa waya. Suka laluba suka zauna da kansu. Fitilu suka mutu, fim ya fara, Auta ta ga Baba ya miƙe ƙafa har yana murmushi shi kaɗai.

Ba a je ko'ina ba ƙofa ta buɗe. Haske ya wanke allo, inuwar wani ƙaton kai ta rufe fuskar jarumin. Baba ya yi tsaki. Aka rufe, aka sake buɗewa: wasu samari uku suna dariya suna neman layinsu da hasken waya. Bayansu wata mata da ɗaurin ɗankwalinta ya kai rabin allo, ta tsaya a tsakiyar hanya tana kiran ƙawarta. Aka taka wa Baba ƙafa, aka zubo masa lemo a riga. Daidai inda jarumar za ta faɗi maganar da ya daɗe yana jira, ƙofar ta sake wangalewa.

Baba ya miƙe tsaye. "Kai! Wane irin iskanci ne wannan? Kasuwa ce?"

Ya fice fuu, Auta na biye da shi. A waje ya ci karo da manaja.

"Kai ne mai wurin nan? Kun kashe dukiya kun gyara gini, kun kasa samun mutum ɗaya mai hankali da zai tsare ƙofa? Mu da muka zo da wuri laifi muka yi?"

Manaja ya haɗe hannu. "Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe. Muna da shi. Wata baiwar Allah ce ta zo ta tara mana jama'a, ta ce ya ci mutuncinta, har tana cewa surukinta ne. Don a zauna lafiya na cire shi daga ƙofa, na ce duk wanda ya zo a buɗe masa. Ga shi can."

Suka juya. Mai Tocila ne a bayan teburin sayar da gugguru, sanye da hular takarda, yana ɗura gugguru a leda. Da ya gan su ya zagayo da sauri ya durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baba."

Baba ya dube shi, lemo na ɗiga daga bakin rigarsa.

"Da ni ne na makara ranar nan," in ji Baba, har yanzu muryarsa da zafi, "za ka buɗe mini?"

Mai Tocila ya sunkuyar da kai. "Zan kawo maka kujera, Baba. Amma ba zan buɗe ba."

"Ko da zan hana ka 'yata?"

Ya ɗago ya dubi Auta, idonsa ya kaɗa. "Ko da haka ne, Baba. Sai dai in yi ta zuwa ina ba ka haƙuri."

Baba ya juya kan manaja kamar shi ya yi masa laifin duka. "To me kake jira? Cire masa wannan hular, ka mayar da shi ƙofa! A kuma maido fim ɗin daga farko, ban ga komai ba!" Sannan ya harari Auta. "Ke kuma kukan me kike yi? Wa ya ce an fasa? Gwaggonki ki bar ni da ita."

Auta ta rufe fuska da mayafi, dariya da kuka suka haɗe mata.

Gwaggo ta yi fushinta har ta gaji, ba wanda ya tanka mata, kuma ranar ɗaurin aure ita ta riga kowa zuwa.

Haka abin yake. Muna son mai gaskiya matuƙar a kan wasu yake tsayar da ita, ranar da ta biyo ta kanmu sai mu kira shi marar kunya. Wanda ya tsare haƙƙin mutanen da bai sani ba, har ya yarda ya rasa abin da yake so, ba zai ci amanar 'yar da aka damƙa masa ba. Auta ta yi haƙuri ta kame bakinta, kuma ta samu mijinta.