Kwala Mai Lamba Bakwai

Ranar da Dogo ya fara ganin Auta, yana zaune a ofishin kamfanin ɗinka kayan makaranta, yana raba takardun masu neman aiki gida biyu. Ta shigo neman almakashi, tef ɗin awo rataye a wuyanta. Ita ce autar Maigida, mai kamfanin, kuma ita ke kula da teburin yanka.

"Malam akawu, waɗannan na hagun fa?"

"Maigida ya ce waɗanda ba namu ba a ajiye su gefe."

"Ba namu ba kamar yaya?"

"To... masu zuwa coci."

Ta dube shi tun daga takalmi har hula, tafiya ce mai nisa.

"Duk tsawon nan, ashe ba ka hango komai daga can sama? Keken ɗinki ya taɓa tambayar ka inda kake ibada?"

Ta fita ta manta da almakashin. Dogo ya kai mata da kansa. Washegari ya kai mata wani da ba ta nema ba. Mu maza haka muke. Ni da allura na fara, har yau ana yi mini gori a gida.

Kafin wata biyu saƙonni sun fara kai da kawo.

"Autata, yau sau uku kika wuce ofis ba ki leƙo ba. Wannan zalunci ne."

"Dogona, mai raba takardu gida biyu ba ya zancen zalunci. Ka ci abinci?"

Tsokana ce, amma ta tsaya masa a rai. Da aka tashi ɗaukar shugaban teloli, sai ya kawo shawara: a ba kowa yadi ya ɗinka kwalar riga, a liƙa lamba, babu suna. Maigida ya yarda, don yana son a ga ya san ɗinki. Ya juya kwala goma sha ɗaya a hannu, ya tsaya a kan ta bakwai.

"Kai! Wannan hannu, ko ni sai lokacin da nake saurayi."

Aka kira lamba bakwai. Maman Biyu ta shigo, shekara ashirin a kan keke, da ɗan gicciye a wuyanta.

Sufabaiza, mai sa ido a kan ma'aikata kuma ɗan ƙanen Maigida, wanda ya daɗe da naɗa kansa angon Auta ba tare da ya sanar da ita ba, ya raɗa wa baffansa cewa tarko aka ɗana masa.

Maigida ya kira Dogo. "Rubuta wa matar nan cewa gurbi ya riga ya cika. In ba haka ba, ka manta da kujerar nan, ka manta da hanyar gidana."

Auta ta hango Dogo ta taga yana buga wasiƙa. Ta tura masa saƙo: "Na ga kana rubutawa. Ashe tsawon ne kawai." Ya kira sau shida, ba ta ɗauka ba.

Da rana, a gida, Maigida ya zaro wasiƙar don iyalinsa su ji rashin kunyar yaran zamani. Ya karanta da ƙarfi: "Ranka ya daɗe, gurbi bai cika ba, ba zan iya rubuta ya cika ba. Ga makullin ofis. Na gode da riƙon da aka yi mini."

Cokali ya suɓuce daga hannun Auta.

Inna, mahaifiyar Auta, ta ce, "Malam, kai ka zaɓi kwalar ko shi?"

"Ni."

"Da ka ga mai ita, ɗinkin ya warware?"

Maigida ya sha ruwa.

"Yaron da ya ajiye aikinsa don kada ya yi wa baƙuwa ƙarya, 'yarka zai yi wa? Ni dai na ga suruki."

Sai da ya yi mako uku yana huci. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, abin da ya ce kawai shi ne aiki ya taru. Ya aika aka kira Maman Biyu. Ta roƙi a bar mata Lahadinta ko da aiki ya matse, ya ce an bari. Sufabaiza aka sa ya kwaso takardun hagu ya haɗa da na dama.

"Dogona, na yi maka mummunan zato. Ka yafe mini."

"Na yafe, hasken idona. Sai dai yanzu ba ni da aikin yi."

"Baba ya ce ka turo manyanka. Makullin ma yana nan, wai ya yi masa nauyi a aljihu."

Ranar ɗaurin aure, teloli duka suka zo, masu hula da masu gicciye, suna gardamar wanda ya fara gane sirrin almakashi. Da aka nemi uban amarya ya sa albarka, ya gyara murya.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari." Ya ɗaga kai ya dubi ango. "Kai kuma, Allah Ya ba ka suruki mai taurin kai irinka, ka ji yadda na ji."

Aka ce amin. Ta Inna ta fi ta kowa ƙarfi.