Ruwan Baƙo a Gidan Suruki

Da safe Godwin ya buɗe ɗakin ajiya a wurin wankin motarsa da ke Kalgo, ya tarar buhun alimun ya yi ƙafa. Da garin alimun ɗin yake gyara ruwan wanki: a zuba a kwatami, a dama, baƙin mai da laka su dunƙule curi-curi a kwashe, sannan a saki ruwan. Kafin azahar ruwan ya gangara gonar albasar maƙwabta da maiƙonsa, an kuma kulle Ɗalha, ma'aikacin da ke riƙe da makulli. Gobe kotu.

Aka ba Sajan Sirajuddeen binciken, mutumin da tumbinsa ya riga shi samun ƙarin girma.

"Wa ya shiga ɗakin jiya?"

"Oga, duk wanda ruwan sama ya kora," in ji Godwin. "Wanzami, mai shayi, sai wani dattijo mai motar albasa daga Gwandu."

Sajan ya yi tari, bai tambayi sunan dattijon ba.

Damina ce, kowace rijiya ta yi ja. Ya san wanda ke da buhun alimun ba zai iya haƙurin shan laka ba, kuma ba a hana baƙo ruwa. Sai ya bi gida-gida da ƙishirwar ƙarya.

Wanzami ya kawo masa ruwa kamar kunun kanwa.

"Kuna tsayar da jini da alimun, ko?"

"Ɗan ƙulli ya ishe ni har baɗi, yallaɓai. Buhu kuma, raƙumi zan yi wa aski?"

Na mai shayi ya fi muni. Matar Ɗalha ma, tana hawaye, jan ruwa ta miƙo. Sajan ya shanye duka. Saura gida ɗaya a Gwandu, na dattijon mai motar albasa, mahaifin matarsa Nafisa.

Ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa a zaure, ido a ƙasa. Malam Abdulgani ya sa aka kawo ruwa. Sajan ya leƙa kwanon: fari tas, har zanen gindin kwanon ya gani. Rijiyar ƙofar gida kuwa ja wur.

"Baba... ruwan nan ya yi kyau."

"Sha mana."

"Na ƙoshi, Baba."

"Kai da kakinka ka taho tun daga Kalgo don ka yabi ruwa?" Tsohon ya murza gemu. "Gani na yi ana wanke ruwan da za a zubar, jikokina na shan laka. Na ɗauko buhun, na ce in an kwana biyu in yi wa mai shi bayani."

"An kulle wani a kansa, Baba. Gobe kotu."

Carbin ya tsaya a hannun tsohon. "Tada babur."

Haka suka shigo Kalgo, suruki a baya rungume da buhu, Sajan na tuƙi yana fatan rami ya haɗiye shi. Aka buɗe wa Ɗalha.

Babban jami'i ya ɗaga kai. "Aiki ya yi kyau, Sajan. Faɗi sunan mai laifi."

Sajan ya dubi silin, ya dubi takalmansa. Tun ranar ɗaurin aurensa bakinsa bai taɓa furta sunan nan ba.

"Ka bar yaron nan," in ji tsohon daga kan benci. "Abdulgani. Yau dai ni na fi shi jin kunya."