Jinin da Ba Na Rahama Ba

Sumayya mai awon jini ce ta fara cewa an yi sata. Kwalbar na ɗauke da sunan Rahama, amma jinin ba nata ba ne.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ke nan. Rahama ta yi ɓari sau biyu, ga sabon ciki. Likitan wani ƙaramin asibiti a Ƙofar Sauri ya ɗebi jininta don a auna furojestaron, sinadarin da ke riƙe ciki. Sakamako ya dawo kusan babu. Likita ya ce cikin ya lalace, a shirya wanke shi.

Sumayya ta kafe, ta sa aka kira Sufeto Baraka, mace mai sanyin magana da kaifin ido.

"Ranki ya daɗe, ko cikin da ya mutu yana barin sawu a jini," in ji Sumayya. "Wannan fayau yake. Ko na namiji ne, ko na wadda ta daina al'ada."

Asibitin ba shi da na'ura, dangi ke kai kwalba ɗakin awo. Mutum biyu suka riƙe ta: mijin Rahama, Salihu, da mahaifiyarta, Hajo, tsohuwar ungozoma.

"Malam Salihu, naɗe hannun riga," in ji Baraka.

Ya naɗe. Babu tabon allura.

"Ni bakin Babbar Kasuwa na miƙa ma Inna, na koma shago," ya ce.

Baraka ba ta ce wa dattijuwa ta yaye mayafi ba, don kunya. Hira ta ja da ita har aka kira azahar, ta miƙa mata buta. Hajo ta wanke hannu zuwa gwiwa. Ga kumburin allura nan a lanƙwasar hannun hagu.

"Inna, ina jinin Rahama?"

Hajo ta ajiye butar.

"Na binne shi. Kowa na hwaɗin 'yan siyasa na sayen jinin mai ciki su kai ma bokaye. Na ce in jini suke so, ga nawa. Mi ya rage mani?"

Baraka ta ji tsohuwar ta burge ta, ta kuma ba ta tausayi. Duk da haka ta gaya mata gaskiya.

"Na'ura ta karanta jininki, likita ya ɗauka na ɗiyarki ne. Da Sumayya ba ta tsaya ba, da yanzu an wanke jikanki."

Hajo ta dafa bango ta zauna.

Aka sake ɗibar jinin Rahama, Sumayya ta auna a gaban kowa. Sinadarin na nan, ya ɗan yi ƙasa. Likita ya fasa wankin cikin, ya rubuta maganin ƙari.

Hajo ta kama hannun Sumayya tana hawaye.

"Ina ta tsare jikana daga mayu, ɗiyata. Ashe ni ce mayyar."