Gidan Agadas Da Awakin Inna Kulu

Safiyatu na tankaɗen garin dawa a ƙofar ɗakinta da hantsi, sai ta ji guɗa daga sashen surukarta, Inna Kulu. Ba haihuwa aka yi ba. Abdulkabir ne, wan mijinta Kashim, ya dawo daga haƙar zinare a Nijar da baƙin gilashi da waya mai faɗin faranti, yana nuna bidiyon wani gida a tsakiyar birnin Agadas.

Gidan irin jerarrun benayen nan ne, kowanne manne da ɗan'uwansa, ga tayil ga fenti. Shekara uku kacal Abdulkabir ya yi a hamada, amma har ya koyi toshe hanci in zai wuce turken awakin uwarsa, awakin da a cikinsu aka kama biyu aka yi masa guzuri.

"Inna, wannan shi ne kilas ɗinmu yanzu," in ji shi. "Kin gama shaƙar kashin akuya."

Abin da ya tara bai isa sayen gidan ba, don haka ya kawo shawara a sayar da gandun gidan, a haɗa da gonar da Safiyatu ta gada wajen mahaifinta a kan hanyar Makoda. Gona ce da ba ta taɓa hutawa ba, ba ta kuma taɓa gajiya ba, don kowane rani Kashim kan yi ta jigilar taki a kan jaki yana zuba mata.

Safiyatu ta durƙusa, ta ba da haƙuri da ladabi, ta ce ba za ta iya ba. Nan fa aka yi mata caa! Dangin da ko kara ba su taɓa ɗauke mata a gonar ba, su ne masu cewa baƙin ciki take yi da arzikin gida. Inna ta kira Kashim ta ce ya zaɓa: ko matarsa ta sa hannu, ko ya ba ta takardarta.

Ranar Safiyatu ta yi kuka har idonta ya kumbura, don tana son mijinta, kuma ta san bai taɓa yi wa uwarsa musu ba. Daga bayan zana ta ji muryarsa.

"Inna, na yafe rabona na gandu, a sayar. Amma gonarta haƙƙinta ce — kuma ba zan saki matar da ba ta yi mini laifin komai ba. Ki yafe mini."

Inna ta ce an shanye mata ɗa. Ta daina amsa gaisuwar Safiyatu, ta daina cin tuwonta. Ita kuwa kullum sai ta kai, kullum a dawo mata da kwano yadda ta rufe shi.

Aka sayar da gandu, aka samu ɗan ƙaramin gida a ƙarshen jerin aka saya. Bayan kaka Inna ta hau mota da turminta da awakinta bakwai, tana ɗaga wa matan unguwa hannu kamar mai tafiya Makka. Duk cikin masu zugar nan babu wanda ya tambaya ko gidan na da tsakar gida. Wa zai tambaya? A garinmu in an ce gida, ai an gama magana.

Ashe ƙofar gidan titi take kallo, bayansa kuma bangon maƙwabci ne. Babu inda za a kafa turke. Awaki suka kwana biyu a falo, suka cinye labule, maƙwabta suka kai ƙara wajen mai unguwa, dole aka kira mahauta. Ranar da Inna ta ɗaga taɓarya, bugu uku tayil ya tsage. Abdulkabir mai kilas ya saɓa jaka ya koma dajin zinarensa, ya bar tsohuwa da bango huɗu da ruwan saye.

Kafin damina ta faɗi Inna ta dawo, ta rame ta yi baƙi, ba turmi ba akuya. Masu zuga kowa ya sulale, sai dai leƙe ta kan katanga. Safiyatu ce ta share mata ɗaki, ta ɗebo gero daga rumbunta, geron gonar nan da aka zage ta a kanta, ta dama kunu ta kai mata a durƙushe.

Inna ta daɗe tana kallon ƙoƙon, hawaye na bin kuncinta.

"Da Kashim ya bi maganata, yau wa zai ba ni wannan?"

"Sha, Inna, kada ya huce," in ji Safiyatu.

Ta shanye tas, ta sa musu albarka su biyun.

To, 'yan mata da samari, ku ji da kyau. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, mahaƙurci kuma mawadaci. A yi wa iyaye ladabi, amma kada a yi musu biyayya a kan zalunci, don wata rana wanda aka so a zalunta shi ne zai ciyar da gidan.